Keken da Metro Ya Ara a Holan

Lorraine Demchuk na tsaye a kicin ɗin zauren tsofaffin sojoji, tana tsamo perogi, 'yan curin fulawa masu dankali a ciki, daga tafasasshen ruwa, sai wayarta ta hau ƙara a aljihun riga. Ta maƙale ta a kafaɗa ba tare da ta ajiye matsami ba.

"Lorraine, ni ce Verna, daga shago. Ina tsohonki yake?"

"Yana gida yana aske gemu. Ƙarfe sha biyu zan je in ɗauko shi."

"To wanda ya fita daga nan yanzu dai gemunsa na nan daram. Kuma keke ya saya."

"Keke?"

"Na mata. Shuɗi, mai kwando a gaba. Na ce masa, Metro, shekararka casa'in, ina za ka da keke? Ya ce in ji da abin da ya dame ni. Ya ɗaure shi da igiya a bayan ɗan babur ɗinsa na batir, ga shi can yana janye da shi kamar akuyar da ba ta son zuwa kasuwa."

Lorraine ta miƙa matsamin ga matar da ke kusa da ita, ta zari makullin mota.

Yau ce ranar da garin Kalyna, a ƙasar Kanada, ya yi wata huɗu yana jira. Tun cikin Janairu wasiƙa ta zo daga wani ƙauye a arewacin Holan. Mai wasiƙar, wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Anneke Hoekstra, ta ce ta daɗe tana neman wani sojan Kanada, M. Demchuk, wanda ya ratsa ƙauyensu a watan Afrilun 1945. Yanzu da ake cika shekara saba'in da korar Jamusawa daga ƙasarsu, tana so ta zo da kanta ta gan shi, akwai saƙo daga mahaifiyarta. Garin da mutanensa ba su kai ɗari bakwai ba, ai kuwa ya ɗauka. 'Yan makaranta suka cika tagogi da zanen furannin Holan. Magajin gari, Dwayne Friesen, ya yi mako uku yana gyara jawabi. Mata suka naɗe kabeji har yatsunsu suka yi tsami.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, shi ne mai gayyar. Duk tsawon rayuwar Lorraine, abin da ta taɓa ji daga bakin mahaifinta game da yaƙi bai wuce jimla ɗaya ba: "Na fere dankali, na ci dankali, na dawo gida." Lambobin yabonsa suna cikin gwangwanin biskit tare da maɓallai. Ranar tunawa da sojoji yakan tsaya can baya da hularsa ta noma, in an gama ya sulale.

Ta cim masa a gaban gidan waya. Yana tafe a tsakiyar titi a hankali, keken na tangaɗi a bayansa, motoci biyu na binsa ba wanda ya yi masa oda. Ta sha gabansa ta tsaya.

"Tato, me ke nan?" ta ce. Haka take kiran mahaifinta tun tana ƙarama.

"Kauce, kina tare mini hanya."

"Ina kwat ɗin da na goge maka? Ina lambobin?"

"Ba bikina ba ne, shari'ata ce. Wa ya taɓa sa lamba ya je gaban alƙali?"

Ta dube shi da kyau. Ba wasa a fuskarsa. Ta kwance igiyar, ta ɗora keken a bayan a-kori-kura, ta roƙi ma'aikacin gidan waya ya ajiye mata babur ɗin, ta taimaka wa tsohon ya hau gaba. Maimakon gida, sai ta nufi bakin layin dogo, ta tsaya a inuwar rumbun hatsi, ta kashe mota.

"To, ga ni ga ka. Saura awa biyu su iso. Faɗa mini."

Metro ya kalli gonakin da ba a gama shuka ba.

"Ke kin san abin da ake koya wa yara a makaranta," ya ce. "Wai a Holan in ka ce daga Kanada kake, kafin ka rufe baki an ajiye maka kofi. Gaskiya ne kuwa, kuma da jini aka saye shi. Da can wa ya san mu? 'Yan aiken Ingila ake ɗaukarmu. Yaran da suka sa aka san sunan ƙasar nan suna can kwance a ƙarƙashin farin dutse, har da Peter Lysak, wanda muka yi aji ɗaya da shi. To wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ni ne waken."

"Me ka yi?"

"Keke na sata."

Lorraine ta juyo ta kalle shi.

"Aro na yi niyya," ya ce da sauri. "Kwana huɗu ke nan da binne Peter. Muna hutawa a bakin wani ƙauye, sai na ji ana cewa akwai manomi a ƙauyen gaba mai ba da ƙwai a karɓi taba. Wata goma sha ɗaya rabona da ƙwan kaza na gaske, sai na gari, mai ɗanɗanon katako. Kuma dai, gaskiya, so nake in yi nisa da kowa ko na awa ɗaya. Na ga keke jingine a shinge, ba kowa. Na cire babbar rigata ta sanyi na rataye a wurin, don mai shi ya san zan dawo. Na je, na samo ƙwai goma sha biyu, na ƙulle a hankici."

"Sai ka dawo da shi."

"Sai na faɗa ruwa da shi. Akwai wata 'yar gada a kan magudanar ruwa. Birkin kekunansu a ƙafa yake, ni kuma ina ta neman sa a hannu. Ni da keke da ƙwai, tsulum. Ina fitowa sai ga wata yarinya a guje, ta cire takalmanta na katako ta riƙe a hannu, tana zazzaga mini abin da ban taɓa ji ba. Na riƙe kalma biyu, daga baya na tambayi tafintanmu. Ta farko ɓarawo. Ta biyu kuma, wai ba ni da maraba da Jamusawa." Ya kau da kai. "Su ne suka kwashe musu kekuna, kin gane. Shekara biyar suna ƙwace. Mu muka zo ceto, ni kuma na ƙarasa aikin."

"Kai kuma me ka ce mata?"

"Na ari na kare. Da yamma aka tashe mu muka yi gaba. Saboda rigar da na ɓatar aka sa ni wankin tukwane kwana goma."

Lorraine ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ciji leɓe, ta kalli taga, amma dariyar ta fi ƙarfinta. Ta kifa kai a sitiyari har oda ta yi ƙara.

"Yi dariyarki," in ji Metro. "Yau a gaban Dwayne da 'yan makaranta da ɗan jarida za a faɗa. Kina tsammani mutum zai ƙetaro teku don ya ce sannu? Sunana na cikin wuyan rigar, da lambata. Shekara saba'in suna riƙe da shaida."

Ta share hawaye. Sai a lokacin ta ga cewa idanun tsohon ma sun kawo ruwa, kuma nasa ba na dariya ba ne. Ta tuna shekarun da yake tsayawa can baya da hular noma, sai dariyar ta ɗauke. Ta dafa hannunsa.

"Mama ta sani?"

"Ita kaɗai. Ta ce ni sakarai ne, in rubuta musu wasiƙa. Ban san ko sunan ƙauyen ba."

"To ji nan, Tato. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma ba dole a yi wankan a tsakiyar kasuwa ba. Zan shigo da matar ta ƙofar baya, ku gana kafin a fara taro. Ka ba ta kekenta, ka faɗi abin da za ka faɗa. Sharaɗi ɗaya: ka aske gemun nan, ka sa kwat."

"Ban da lambobi."

"Su zauna a aljihuna."

Ƙarfe ɗaya saura kwata motar haya ta tsaya a gaban zauren. Dwayne ya taho da hannu biyu a buɗe, amma Lorraine ta riga shi. Ta kama hannun baƙuwar, doguwar mace mai furfura da jakar goyo, ta ce tsohon yana son ganinta shi kaɗai na minti goma.

"Haba Lorraine, akwai tsari fa," in ji Dwayne. "Yara sun jeru tun ɗazu."

"Su ƙara rera taken ƙasa sau ɗaya, ba zai kashe su ba."

A ɗakin ajiya, tsakanin kujerun da aka jibge da tsohon injin kofi, Metro na tsaye da sandarsa, keken na gefensa. Bai bari an gama gaisuwa ba.

"Malama, ni ne Demchuk. Ni na ɗauki keken, ni na jefa shi a ruwa, ni na gudu. Ba umurnin kowa ba ne, kada a ɗora wa rundunarmu ko ƙasarmu. Ga wannan. Ya yi latti, amma sabo ne, kuma birkinsa a hannu yake."

Anneke ta kalli keken, ta kalli tsohon, ta sa hannu a ƙirji.

"Malam Demchuk, wa yake maganar laifi? Kowa a ƙauyenmu ya san dalilin da ya sa ka ɗauka. Saƙon gaggawa ka kai wa manyanku a bakin daga. Shekara talatin ina koya wa yara labarin nan. Bara ma aka sa wa gadar sunanka."

"Wace gada?"

"Wadda ka faɗa. Gadar Demchuk."

Metro ya lalubi kujera ya zauna.

Anneke ta buɗe jaka ta ciro wani ɗan ƙyalle mai ruwan ƙasa a cikin gilashi. Wuyan riga ne, tawadar ta koɗe amma ana karanta sunan. Ta ce kakarta ce ta yanka rigar ta ɗinka wa yara biyu rigunan sanyi, su ma suka bar wa na bayansu, har ita Anneke ta sa ragowar tana 'yar shekara biyar. Sannan ta ciro allon waya, ta yi kiran bidiyo zuwa gida.

"Mahaifiyata, Griet, ita ce mai keken. Shekararta tamanin da bakwai, likita ya hana ta hawa jirgi. Ta ce ko bayi kada in shiga sai na haɗa ku. Ba ta jin Turanci, zan fassara."

Fuskar wata 'yar tsohuwa ta cika allon, ta matso har hancinta kawai ake gani, sannan ta ja baya. Ta ƙura wa Metro ido. Ta yi magana a taƙaice.

"Ta ce kunnuwan dai ba su canja ba."

"Ki ce mata ina neman gafara," in ji Metro. "Ki ce mata babu wani saƙo. Ni..."

Tsohuwar ta ɗaga yatsa ta katse shi tun kafin a fassara. Ta yi doguwar magana tana murmushi. Lorraine na kallon fuskar Anneke tana sauyawa, daga fara'a zuwa mamaki. Anneke ta mayar wa uwarta da wata tambaya da ƙarfi. Tsohuwar ta ɗaga kafaɗa.

"Me ta ce?" in ji Lorraine.

Anneke ta zauna a kan kwalin faranti. "Ta ce... ta ce ta sani. Wai ƙwai ne. Da aka tsamo keken, hankicin na ɗaure a kai. Goma sha ɗaya sun fashe, ɗaya ya tsira." Ta kalli allon. "Wai ita ta cinye shi."

Sannu a hankali sauran ya fito. Shekara uku mahaifin Griet yana ɓoye keken a ƙarƙashin ciyawa don kada Jamusawa su gani. Ranar farko da ta fito da shi ba da izininsa ba, ta jingine a shinge ta shiga gidan ƙawarta. Da ta koma gida da keke a lanƙwashe yana ɗigar taɓo, ta san dukan da ke jiranta, sai ta ce sojan Kanada ne ya roƙa don ya kai saƙon gaggawa, ga ma rigarsa ya bari. Uban ya cire hula don girmamawa. Washegari ya ba da labari a coci, daga nan kuma labarin ya fi ƙarfin mai shi.

"Mama!" in ji Anneke, ta manta da fassara, sannan ta juyo. "Na ce mata shekara talatin tana zuwa ajina tana ba yara labarin da bakinta. Wai ai yaran suna jin daɗinsa."

Tsohuwar ta ƙara wani abu, tana nuna wani hoto a bangon bayanta.

"Wanda ya taya ta tsamo keken da ƙugiya shi ne Douwe, ɗan mai injin niƙa. Mahaifina ke nan. Ta ce da ka iya birki, da ba a haife ni ba."

Lorraine ta fashe da dariya, Anneke ma ta kasa riƙewa. Metro dai bai yi ba. Ya matso da fuskarsa kusa da allon.

"Ki tambaye ta game da abin da ta kira ni ranar. Ta ce ba ni da maraba da su. Shi ne abin da ya hana ni sakat."

Da aka fassara, murmushin tsohuwar ya ɗauke. Ta yi magana a hankali, Anneke na bi jimla jimla.

"Ta ce shekara biyar ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli mai kaki ba. Sun tafi da yayanta aikin dole, bai dawo ba, ko tari ba wanda ya yi a gidansu. Ranar nan tana gudu tana zaginka, tana zagi tana ƙarawa, sai a tsakiyar hanya ta lura ba ta jin tsoro. Ga soja da bindiga, tana zaginsa, shi kuma yana gudu. Ta ce ba ranar da aka kaɗa ƙararrawar coci ta san yaƙi ya ƙare ba. A bakin gadar nan ta sani. Saƙon da ta aiko ni da shi ke nan, ashe. Ta ce in gaya maka ta gode."

Metro ya ciro hankici ya daɗe yana fyace hanci. Lorraine ta juya tana gyara kujerun da ba su buƙatar gyara.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. "Lorraine, yara sun rera sau uku!" in ji muryar Dwayne.

"To," in ji Metro yana miƙewa. "Bari in je in faɗa musu gaskiya, a huta."

Anneke ta fassara. Tsohuwar ta daka tsawar da ba ta buƙatar tafinta, yatsa na kaɗawa.

"Ta ce kul. Wai an riga an kafa allon gadar, na ƙarfe ne, sarkin ƙauye ya yanka ƙyalle. Ita ce za ta shiga coci ranar Lahadi, ba kai ba. Ka ɗauki kekenta ba ka tambaya ba, to labarinta ka bar mata." Anneke ta saurara. "Keken kuma wai ka ba 'yarka, ta ga alama ita ke wahala da kai."

Metro ya tsaya yana kallon allon. Sai ya haɗa dugadugai, gwargwadon yadda gwiwoyinsa suka yarda, ya sara mata. Ya juya ga Lorraine ya nuna ƙirjinsa da haɓa. Ta ciro lambobin daga aljihu ta maƙala masa, ɗaya ta ɗan karkace, ta bar ta haka.

Zauren ya cika maƙil. Dwayne ya yi minti ashirin da biyar yana jawabi. Ya faro daga yaƙin duniya na farko, ya bi ta Italiya da Faransa, ya ce ƙasar da a da ake yanke mata shawara a Landan yanzu tana da kujerarta a ko'ina, kuma irin su Metro ne suka sassaƙa kujerar. Anneke ta miƙa wuyan rigar, ta nuna hoton gadar, ta ba da labarin saƙon gaggawa kamar yadda ta saba, sai dai sau biyu muryarta na sarƙewa, mutane suka ɗauka kuka ne ya zo mata.

Daga ƙarshe Dwayne ya sunkuyo da makirufo.

"Metro, shekara saba'in ka ɓoye mana. Yau dai ka faɗa. Me ke cikin saƙon nan?"

Zauren ya yi tsit. Lorraine ta leƙo daga bakin ƙofar kicin. Metro ya kalli 'yan makaranta da ke zaune a ƙasa, ya kalli Anneke, ya gyara murya.

"Dwayne, an umurce ni kada in faɗa wa kowa. Kuma mai umurnin na nan da rai."

Tafi ya ɓarke, mutane suka miƙe tsaye. Wani tsohon da ya yi yaƙin Koriya ya gyaɗa kai irin na wanda ya san yadda waɗannan abubuwa suke. Anneke ta rufe fuska da takardar shirin taro, kafaɗunta na girgiza.

Ana cikin rabon abinci ɗan jaridar mako-mako ya bi layi har gaban Lorraine, faranti a hannu ɗaya, littafi a ɗaya.

"Ke 'yarsa ce, dole kin san wani abu. Ko da kalma ɗaya ce, ba zan sa sunanki ba."

Lorraine ta hango mahaifinta can, yara sun kewaye shi suna taɓa lambobin, shi kuma yana nuna musu da hannu yadda ake taka birki da ƙafa.

"Mu ma a gida ba ya gaya mana," ta ce. "Miƙo farantin. Da albasa ko ba albasa?"